Wutar Rumbun Albasa

Nuraddeen ya kasa zama a zauren su Luba, budurwarsa. Yanzu ta gaya masa ta samu gurbin karatun binciken laifuka, digiri na farko da na biyu a haɗe.

"Zan jira ki," ya ce. "Amma don mi wanga karatu?"

"Tun da aka cinna wa rumbun albasar Baba wuta a Dangamaji, ba a kama kowa ba. Ni zan gano wanda ya yi."

Ya yi ta murza hularsa, idonsa a ƙasa.

"In kuma wan mijin da za ki aura ne fa?"

Luba ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye kan tabarma.

"To, ka rage mini aiki."