Takarda Mai Hoton Shanu

Kassimu ya sauko daga motar Kano a tashar Ɗanbatta, jakar kwamfuta a kafaɗa, ya haye acaɓa zuwa ƙauyensu yana fito. In dai wayo ne, a faɗarsa, daga Kunci har Bagwai ba a haifi kamarsa ba.

Shekara biyu ke nan manoman garin suna ɗauke da karatunsa. Duk kaka kowane magidanci zai kawo tiya biyu ta gyaɗa, a sayar, a biya wa yaro ɗaya kuɗin kwalejin noma, don ya dawo ya koya musu sirrin taki da maganin tsutsa. Da aka yi jarrabawar zaɓe, Kassimu ya zo na ɗaya. Wa ya zo na biyu? Bai taɓa tambaya ba. Me zai yi da na biyu?

Sai dai kwalejin noma ta ishe shi. Kullum rana, kullum kashin shanu. Ƙanwarsa Aina'u ce ta fara tausaya masa.

"Yaya, mutum kamarka ai da kwamfuta ya dace, ba da garma ba."

Ita ta samo masa fom ɗin wata kwalejin kwamfuta a Kano, ita ta cike masa. Ya sayar da ragonsa ya yi rajista ba tare da sanin kowa ba. Ranar da zai tafi ta roƙe shi tsofaffin littattafansa, wai za ta riƙa naɗe ƙuli-ƙuli, da takalminsa na roba, wai saboda damina.

Saura matsala ɗaya. Kuɗin rago sun ƙare, kuma in kuɗin gyaɗa ba su fito ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Shi kuwa Baba Mati, shugaban manoma, ba ya sakin ko sisi sai an kawo masa takardar shaida daga makaranta. To amma Baba Mati ajami ya sani, boko kuwa ko harafi. Wa ke karanta masa takardu? Aina'u!

"In kin zo kan sunan makaranta, ki yi tari ki wuce," in ji Kassimu.

"Wallahi Yaya, ba zai ji daga bakina ba."

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Baba Mati, buhunan gyaɗa jingine da bango. Kassimu ya fara buɗe taro da lacca a kan tsutsa, rabi Hausa rabi Turanci, dattawa suna gyaɗa kai. Aina'u ta karanta takarda, ta yi tarinta daidai wurin da aka ce. Kassimu ya kashe mata ido. Sannan ta durƙusa cikin ladabi ta shimfiɗa wa tsohon takardar a gwiwa, har da gyara masa ita yadda kan takardar zai kalli sama.

Baba Mati ya daɗe yana duban saman takardar.

"Kassimu, ina shanun?"

"Waɗanne shanu, Baba?"

"Ta bara da ta bara waccan, akwai shanu biyu da garma a nan sama. Wannan kuwa wani akwati nake gani kamar talabijin."

"Ai... ai shanun zamani ke nan, Baba."

Wurin ya kece da dariya, har liman sai da ya share hawaye. Baba Mati ya ninke takardar.

"Ɗana, gyaɗarmu ta kwalejin noma ce, ba ta ɗan wane ba. Ka bar kujerar, ka bar gyaɗar. Haka muka yi tun farko: in na ɗaya ya sauka, na biyu ya hau."

Kassimu ya miƙe, hannu a ƙugu, gumi na bin wuyansa.

"To wane ne na biyun? Ya fito in gan shi!"

Baba Mati ya laluba aljihu, ya zaro tsohuwar takardar sakamakon jarrabawa, ya miƙa wa mai karanta masa.

Aina'u ta gyara mayafi, ta gyara tsayuwa cikin takalmin robar da ya yi mata yawa, wannan karon ko tari ba ta yi ba, ta karanta sunanta.