Gwamnan da Ya Bi Layin Lasin

Yaya, yau sati uku ke nan da muka raka ka makwancinka. Hularka tana nan rataye a ƙusa, ba wanda ya iya taɓa ta. Ɗazu ina zaune a gindin dalbejiyar tasha, sai misalin nan da ka saba ba mu ya faɗo mini a rai, har na yi dariya ni kaɗai kamar ba ni ne mai makoki ba.

Ka ce wai a can Amurka, a wata jiha mai yawan masara da shanu, an yi wani mutum da ya faro daga kansila, ya zama ɗan majalisa, har Allah ya ɗora shi a kujerar gwamna. Ba azzalumi ba ne, sai dai akwai shi da tsimi da saurin sa hannu a takarda. Wata safiya yana kurɓar shayi ya ba da umarni a rufe ofisoshin lasin tuƙi na ƙauyuka, a bar ɗaya tal a kowane yanki, shi ma ƙarfe biyu a tashi. Ya ƙara da cewa duk wanda ya haura saba'in sai ya zo da ƙafarsa an gwada idonsa. Aka tafa masa. Shekara takwas abin bai taɓa shi ba, tunda direba ke jan sa, jiniya na share masa hanya.

Da wa'adi ya cika, jiniya ta bi sabon gwamna, shi kuwa ya koma gonarsa. Yana da jika mace wadda tun tana 'yar mitsitsiya ya yi mata alkawarin shi da kansa zai tuƙa ta ranar aurenta, a tsohuwar akori-kurar gidan. Ana saura kwana uku biki, matarsa ta zaro lasinsa daga aljihun wata tsohuwar kwat. Ashe ya ƙare tun tuni, ga maigidan da shekara saba'in da ɗaya.

Ranar Laraba ya isa ofis da hantsi, ya tarar layi ya naɗe ginin kamar rawani, aka tashi bai ko hango ƙofa ba. Alhamis ya yi sammako, ya faɗa tsakanin wani makiyayi da wata tsohuwa mai sanda, suka yini suna tsine wa wanda ya rufe ofishin garinsu. Ya ja hula ya rufe rabin fuska, yana gyaɗa kai kamar shi ma an cuce shi. Ranar Juma'a ya zo da kujerarsa da gorar ruwa, yana matsawa taku-taku, ya isa gaban taga ƙarfe biyu daidai. Ma'aikaciyar ta gane shi sarai. Ta yi murmushi, ta nuna masa takardar da ke manne a bango, ga sa hannunsa ɓaro-ɓaro a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ni wace ce da zan karya dokarka? Sai Litinin."

Ta ja taga ta rufe.

Ranar Asabar matarsa ce ta riƙe sitiyari, amarya a gefenta tana dariya har kwalli na zubo mata. Tsohon gwamna kuwa yana can bayan akori-kura, rungume da kujerun biki, iska na neman ƙwace masa hula, yana ɗaga wa mutane hannu saboda sabo.

Yaya, jiya 'yan ƙungiyar direbobin tasha suka ja ni gefe, wai ni za su danƙa wa aikinka na tsara layin motoci. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Inna ba ta sani ba. Ina dai ta juya bironka na rubuta layi a hannu, ina jin muryarka a kunnena: kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.