Kabarin Inna Ya Wuce Mita Talatin

Tun da ruwa ya cinye tsohon gari, duk shekara Sallau kan sauka da ɗan jirginsa na nutso ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa. Bana ya taho da ƙanensa Tanimu.

A mita talatin jirgin ya yi ƙara, ya tsaya cak. Doka ce, ba ya wuce wannan zurfin.

"Yaya, bara ai har kabarin ka kai," in ji Tanimu.

"Bara ke nan. Ruwan ya ƙaru."

Sallau ya haska ƙasa. Ba ya hango komai sai kan matacciyar giginyar maƙabarta. Nan suka yi addu'a, bai ma san ko saitin kabarin Inna suke ba.

"Baɗi fa, Yaya?"

"Ƙare wa giginyar nan kallo, Tanimu. Baɗi ita ma sai labari."