Ƙwaryar da Ta Karkata

Tunda ka dage komai naka sai dama ta yi daidai da hagu, saurari abin da ya sami wani mafafi, mai sana'ar fafe duma ya fitar da ƙwarya. Wata damina gonarsa ta ba shi duma wanda bai taɓa ganin mai girmansa ba, ya yi wa 'yarsa alkawarin a ciki zai fitar mata da babbar ƙwaryar jeren ɗakinta. To, shi duma a kwance yake girma: gefen da ya kwanta a ƙasa ya ɗan baje, na sama ya yi tudu. Da ya fafe shi, ya kankare, sai ga ƙwarya tubarkalla, sumul, launin zuma, duk wanda ya gani sai ya sake kallo. Amma da ya zuba ruwa ya ajiye ta, sai ta ɗan karkata, ruwan ya fi kusa da baki ta gefe guda. Abin ya tsaya masa a rai. Matarsa ta ce, "Maigida, haka Allah ya yi ta, kuma karkatar ma ta yi mata kyau. A sa mata gammo ta zauna." Ina! Ya rantse 'yarsa ba za ta jera karkatacciyar ƙwarya ba.

Ya wasa wuƙa ya rage gefen da ya yi tsawo. Ya zuba ruwa, sai ga ɗaya gefen ya fi. Ya rage shi. Rage nan, rage can, ƙwarya tana ta gajarta, mutumin naka ko gezau, gumi yake yi yana cije leɓe. Can ya gane a gindi karkatar take, sai ya kife ta ya hau kankare tudun, ya ce yau sai ta zauna cas ko ta ƙi Allah. Gindi ya yi ta sirancewa har wuƙa ta ɓurma, tsaga ta tafi har baki. Ya tsaya riƙe da sakaina biyu, baƙin ciki ya cika shi, ga bikin 'yarsa ya matso, ga shi ba wani duman a gona. Kuma ka san abin haushi? Ko sakainun nan, ɗaya ta fi ɗaya girma.

Shi ya sa Hausawa suke cewa garin neman gira a rasa ido.