Idon Tsohuwar Na'urar Wasa

Mai gyara ya buɗe tsohuwar na'urar wasan, miji da mata na tsaye a kansa. Ɗan sukurun da ke saita hasken idon karanta faifai an murɗe shi har ƙarshe, ga shatin bakin wuƙa. Da gangan aka yi. Juyi kaɗan zai gyara shi.

Ya saci kallon matar. Wa ya san tun yaushe wasan nan ya ƙwace mata miji? Ya auna gaskiya da zaman lafiyar gidan mutane.

"Maigida, sai haƙuri. Idon ya mutu."

Matar ta zube a kan benci. "Saura fa mataki ɗaya in gama wasan."

Mijin ya damƙe hannun mai gyara, ya raɗa masa, "Allah ya biya ka."