Tayil Ɗari Biyu da Goma Sha Shida

Malama Mero na cikin maka jan biro a littattafan 'yan aji shida, sai ga yayanta Balarabe, dillalin gidaje, da wata guntuwar takarda a hannu. Rabonsa da gidan nan na Unguwar Kanawa tun rasuwar mahaifinsu, ranar da ya karɓi takardun gida ya rantse ba mai tashinta muddin yana raye. Amma a makon nan sau biyu ke nan yana zuwa. Zuwan farko ma tana makaranta, ya karɓi makulli wurin maƙwabta wai zai yi sallah.

Murna ta kama ta har ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Malama, lissafi ya gagare ni," in ji shi. "Wani Alhaji ya sayi gida, zai mai da ɗaki ɗaya kantin magani. Tayil yake so, mai ƙafa ɗaya. To ɗakin a karkace yake."

Ta duba takardar. Tsawo ƙafa goma sha takwas, bangon da ya karkace goma sha uku, faɗi a miƙe goma sha biyu. Shi kuwa gogan ya ninka tsawon da karkataccen bangon.

Ta yi dariya. "Haba Yaya! Da faɗin za ka ninka. Ka yanke kusurwar da ta yi yawa a can, ka liƙa a nan, ɗaki ya miƙe. Haka na yi da ledar ɗakina. Ɗari biyu da goma sha shida ne, ka ƙara kaɗan saboda yanka."

Bai kalli ledar ba, bai kalle ta ba.

"Mutanen gidan sun tashi?" ta tambaye shi.

"Ƙarshen wata. Ba a gaya musu ba tukuna."

"Allah sarki," ta ce, tausayi ya kama ta. Ta raka shi har bakin lambatu, ta cusa masa ƙullin dambu ya kai wa yara.

Da ta dawo ta tsuguna za ta naɗe tabarmar da ya zauna a kai, sai ta ga ɗigon alli a gindin bango, ga wani a ɗaya kusurwar. Ta ɗauko tef ɗin ɗinkinta, ta auna daga alli zuwa alli.

Goma sha takwas, goma sha uku, goma sha biyu.