Kwaɗon da Liya Ta Haɗa

Kan kwaɗon ya sake fashewa a hannun Liya. Ta dube shi, ta zuba shi a kwandon shara wajen 'yan'uwansa.

Liya ɗaliba ce a jami'a, shekarar ƙarshe, tana haya a Samaru. Aikin gama karatun da aka ba ta shi ne ta nuna yadda kwaɗo ke yin ƙashi. Ashe talibambam ba shi da ƙashi ko ɗaya, guringuntsi ne zalla. Sai wutsiya ta fara shanyewa ƙashi ke shigowa kaɗan-kaɗan, har kai ya tsaya. Duk wannan ta jera a kwalabe. Saura babban kwaɗo, ƙashinsa cikakke a kan katako.

Nan ta maƙale, baiwar Allah. Wai kakannin kwaɗo na can da, kansu a rufe yake ruf kamar murfin tukunya. Jikoki suka yi ta zubar da ƙashi, har kan na yanzu ya zama duk tagogi. Ka tafasa shi ya zarce, ya wargaje. Ka kankare da wuƙa, ya karye.

Malaminta, Dakta Barau, ba ya dariya. Mutum ne da ko biro a teburinsa sai ya jera daga dogo zuwa gajere. Wani ɗalibi ya taɓa tambayarsa a aji ko gaskiya ne ana cin kwaɗo. Ya tsura masa ido har ɗalibin ya zauna da kansa.

"Ba na sa hannu a kan fasasshen kai," ya ce wa Liya. "Ki kawo cikakke ran Laraba, ko ki maimaita shekara."

'Yan ajinsu kuwa har sun fara zancen tafiya bautar ƙasa.

Ran Lahadi bayan coci, Liya kan taya Madam Nonye wanke-wanke a shagonta na abinci a Sabon Gari. Wannan Lahadin ta tarar da faranti a ɗakin baya, an kifa masa roba.

"Kar ki taɓa!" in ji Madam. "Tsafi ne."

Wani mutum ne, ta ce, duk Asabar yake shigowa ta ƙofar baya, ya zauna bayan labule yana fuskantar bango. Farfesun kwaɗo yake ci, manyan nan na fadama, kuma sai an dafa masa ɗungum, ba sara, ba fasa kai. In ya tashi sai ya bar abu a faranti.

"Boka ne, 'yata. Ni da itace nake ture shi a bola."

Liya ta ɗaga robar.

Ga kwaɗo kwance, ba nama ko tsinke. Kai a sama, ko tsagewa babu. Gaɓoɓin baya a jere, dogon ƙashin gindi a ƙarshensu, ƙafafu an miƙe su dama da hagu.

Ta tsaya. An ce ne ta gyara ƙashin da hannunta, ba a ce ta kwashe ragowar abincin boka ba. Sai ta tuna Laraba. Ta juye farantin cikin gyalenta a hankali. Madam ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu.

A Samaru ta wanke manjan da garin sabulu, ta shanya a taga, ta bi da gam gaɓa-gaɓa. A hannun hagu na gaba ta ga giɓi. Ƙashi ɗaya na ɗan yatsa babu, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta hau keke-napep ta koma Sabon Gari, ta share ɗakin baya tas, ta tankaɗe sharar da rariya. Babu.

Ran Laraba ta ajiye katakon a gaban Dakta Barau. Ya sa tabarau. Ya daɗe a kan kan kwaɗon, yana leƙa tagogin ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya cire naman?"

Liya ta dubi takalminta.

Bai sake tambaya ba. Ya gangara baya, ya bi ƙafafu, ya zo hannun hagu ya tsaya.

"Akwai wanda babu."

"E, Malam."

Ta riga ta fara tunanin yadda za ta gaya wa babanta. Dakta ya ɗauki dogon biron, ya sa hannu. Sannan ya tashi ya tura ƙofar ofis, ya ciro wata 'yar takarda a naɗe daga aljihun gaba, ya warware. Ya ɗauko abin ciki da hantsaki ya ajiye a giɓin. Ɗan ƙashin ya zauna daidai.

"A haƙorina ya maƙale ran Asabar," ya ce. "Ki gaya wa Madam ta rage barkono."